Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Kowace ranar Alhamis garin Maigatari yakan cika ya batse da baƙi. Fatake da dillalai da masu shanu da raƙuma sukan gangaro daga Dungas da Magarya da Damagaram, manyan motocin Kudu kuma su yi jerin gwano suna jiran lodi. Saboda haka babu wanda zai koya wa mutanen ƙasar Gumel yadda ake karɓar baƙo, gama tun kaka da kakanni da shi suka saba. Amma akwai wani irin baƙo wanda ya kamata hukuma ta zauna ta yi tunani a kansa, watau mai aikin sa kai da kan ratso ƙauyuka cikin tafiyarsa, ya yada zango a makaranta, ya tara 'yan mata ya yi musu jawabi a kan kiwon lafiya.

A da, yawancin irin waɗannan baƙi samari ne da 'yan mata daga ƙasashen Turai da Amurka. Gargaɗin da gwamnatocinsu suke yi musu game da tsaro ya sa ƙafarsu ta ɗauke ƙwarai daga Arewa, amma al'adar ba ta mutu ba. Ta koma hannun ma'aikatan ƙungiyoyi masu zaman kansu daga Abuja da Kano, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje waɗanda kan zo gida hutu da niyyar su taɓuka wani abin alheri kafin su koma. Yadda abin yake gudana kusan iri ɗaya ne ko'ina. A iso da hantsi, a tara yara a aji ko a gindin bishiya, a yi awa ɗaya ko biyu ana magana a kan wanke hannu da jinin al'ada da abinci mai gina jiki, a raba sabulu da audugar mata, a ɗauki hoto, kafin la'asar mota ta kama hanya. An fi ganin haka wajen ran 28 ga watan Mayu, ranar da aka keɓe tun shekarar 2014 domin tunawa da tsabtar mata a lokacin al'ada.

Bai kamata a raina wannan ƙoƙari ba. Mutumin da ya bar gidansa da jin daɗinsa, ya sha rana da ƙura har Gagarawa ko Sule Tankarkar ba don albashi ba, ya cancanci a yi masa sannu da zuwa, a kuma gode masa. Ƙasar nan ta daɗe tana cin moriyar masu aikin sa kai. Ƙungiyar VSO ta Ingila, wadda aka kafa cikin 1958, da ƙungiyar Peace Corps ta Amurka, wadda ta aiko da ayarinta na farko Nijeriya cikin 1961, sun cike gurbin malamai a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai a lokacin da Arewa ba ta da isassun nata, kuma har yanzu akwai dattawan da ke ambaton malamansu na wancan zamani da alheri. A tsallaken iyaka, 'yan Peace Corps sun zauna a ƙauyukan Nijar tun daga 1962, da yawa daga cikinsu a jihohin Damagaram da Maraɗi. Ita ma Nijeriya tun 1987 take aika likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa wasu ƙasashen Afirka da na yankin Karebiyan a ƙarƙashin shirinta na ba da taimakon ƙwararru.

Sai dai in an duba da kyau za a ga abin da ya sa aikin waɗancan ya yi tasiri. Shekara biyu suke yi a wuri guda. Wanda aka tura ƙauyen Hausa sai ya koyi Hausa, ya sha ruwan rijiyar da kowa ke sha, ya je suna ya je jana'iza, wanda aka tura makaranta kuma ya yi aiki a ƙarƙashin shugaban makarantar kamar kowane malami. Kafin ya tashi ya riga ya zama rabin ɗan gari. Mai ziyarar yini ɗaya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bukatar kuwa ba ƙarama ba ce. A annobar sanƙarau da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa bazarar 2023, Jihar Jigawa ce ta ɗauki mafi yawan masu cutar a duk faɗin Nijeriya, a cikin jihar kuma Maigatari da Sule Tankarkar ne a kan gaba, a daidai lokacin da cutar ke ta'adi a Jihar Damagaram. Cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. A Jahun, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana aikin karɓar haihuwa da gyaran masu yoyon fitsari tun 2008, kuma sanannen abu ne cewa doguwar naƙuda a gida, musamman ga yarinyar da ƙugunta bai gama ƙwari ba, ita ce babbar hanyar kamuwa da wannan lalura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da ciwon dajin bakin mahaifa a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu, abin da ya sa ran 24 ga watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar riga-kafinsa, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su. Yarinyar da ke aji shida na firamare a yau, bayan 'yan shekaru ita ce uwar da za ta yanke shawarar ko a kai jariri awo, ko a yarda a yi masa allura, ko a garzaya asibiti sa'ad da wuyansa ya sanƙare. Abin da aka koya mata yanzu shi za ta yi aiki da shi a lokacin.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ilmin kiwon lafiya ba saƙo ba ne da za a miƙa sau ɗaya a ce an sauke nauyi. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba za ta ɗaga hannu a gaban aji ta tambayi baƙuwar fuska abin da ya shafi jikinta ba, balle in baƙuwar ba ta jin Hausa, wanda ke yi mata tafinta kuma malami ne namiji da yarinyar za ta gani gobe da jibi. Kunya za ta rufe mata baki, shi ma tafintan kunya za ta sa ya tsallake rabin maganar. Tambayar gaskiya sai bayan mako uku ko wata biyu take tasowa, ranar da yarinyar ta ga abin da bai taɓa faruwa gare ta ba, ko ciwon mara ya hana ta fita, ko jinin ya wuce kwanakin da aka ce mata. A ranar, mai jawabin tana Abuja ko Landan. Wanda ke kusa ita ce ƙawarta, wadda ba ta fi ta sani ba.

Haka ma batun kayan da ake rabawa. Ƙunshin audugar mata ɗaya wata guda yake yi, in ya yi. Bayan nan yarinyar da mahaifinta ke lissafin kwanon gero za ta koma ga ƙyallen da uwarta da kakarta suka yi amfani da shi, wanda kuwa ba aibu ba ne in an san yadda ake wanke shi da sabulu, a shanya shi a rana ya bushe sarai, a adana shi a wuri mai tsabta. Wannan shi ne darasin da ya fi yi mata amfani, kuma mace 'yar gari ce ta fi iya koyar da shi, gama ita ta san dalilin da ya sa ake ɓoye ƙyallen a bayan gado yana danshi maimakon a shanya shi a tsakar gidan da maza ke wucewa. Sa'an nan duk jawabin wanke hannu na duniya ba shi da amfani a makarantar da famfonta ya lalace tun bara. Cikin watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili, abin yabo ne ƙwarai, amma riƙe irin wannan suna ya fi samunsa wuya. Ya kamata masu duba makarantu su riƙa shiga bayan azuzuwa suna gani da idonsu ko makewayin 'yan mata dabam yake da na maza, ko yana da ƙofa mai sakata, ko akwai buta da ruwa a kusa. Inda babu waɗannan, yarinya za ta zauna a gida kwana huɗu ko biyar kowane wata, daga nan kuma sai a wayi gari ta daina zuwa gaba ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan hatsari, watau batun amincewar iyaye. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda yara 11 suka rasu. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ba jita-jita ƙarfi cikin 2003, har aka dakatar da allurar shan inna a Jihar Kano sai tsakiyar 2004, cutar ta sami sarari ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara wannan ɓarna shi ne shigowar sarakuna da malamai, da kuma dubban matan unguwa masu aikin sa kai waɗanda aka fara ɗauka cikin 2012, suna bi gida gida a garuruwan da aka haife su, suna magana da matan da suka san sunayen 'ya'yansu. Da haka aka kai ga ran 25 ga watan Agusta na 2020, ranar da aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Amanar da aka sha wannan wahala kafin a gina ta, baƙo ɗaya mai kyakkyawar niyya yana iya rushe ta cikin awa guda, in ya nuna wa 'yan mata zanen da iyayensu ba su yarda da shi ba, ko ya faɗi kalmar da tafinta ya juya ta karkace. Yarinya ta koma gida ta ba da labari, gobe uba ya ce ba boko ba allura. Shi baƙon ba zai ma ji labari ba. Malamin asibitin garin ne zai yi shekara yana lallashi.

Ba a ƙauye kaɗai wannan magana take da ƙaiƙayi ba, tun da cikin watan Nuwamba na 2022 Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umurnin a cire darasin jima'i daga manhajar makarantu. Amma wanda ya san ƙasar nan ya san cewa maganar haila ba baƙuwa ba ce a makarantun allo da na Islamiyya. Littattafan farko na fiƙihu, irin su Ahalari da Risala, suna da babinta, ana kuma karantar da shi ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Ashe ƙofa a buɗe take. Malamar da ta fara daga abin da yarinya ta riga ta karanta game da tsarki, sa'an nan ta ɗora mata bayanin likita a kai, ba za ta gamu da uban da zai zo makaranta da faɗa ba.

Sai batun hoto. Cikin watan Oktoba na 1961 wata budurwa daga ayarin farko na Peace Corps ta rubuta wa wani abokinta a Amurka kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗi a Ibadan, ɗaliban jami'a suka tsinta, aka yi zanga-zanga, ala tilas ta bar ƙasar. Wancan kati ɗaya ne. A yau kowane baƙo yana da wayar da za ta watsa fuskar 'yar wani ga duniya cikin ƙiftawar ido, tana riƙe da audugar mata a ɗage kamar wadda ta ci kyauta, a ƙarƙashin hoton kuma a rubuta bayanin talaucin garinsu domin a tara gudummawa. Babu wanda ya tambayi yarinyar, babu wanda ya tambayi iyayenta. Jihar Jigawa tana da dokar kare yara wadda aka sa wa hannu cikin watan Disamba na 2021, kuma ya dace a ce mutuncin yarinya a gaban na'urar ɗaukar hoto yana cikin abin da hukuma ke karewa. Haka nan wajibi ne a riƙa tambayar takardun mai zuwa. Abin da ya faru a Jinja ta ƙasar Uganda ya isa ishara, inda wata Ba'amurkiya da ba ta yi karatun likita ba ta buɗe wurin kula da yara masu tamowa, yara 105 suka rasu a wurin cikin 'yan shekaru, hukuma ta rufe shi cikin 2015. Wanda ya zo yin jawabi ya tsaya a kan jawabi. Ba da magani da duba jiki aikin ma'aikatan lafiya ne masu rajista.

Ko da an gyara duk waɗannan, hankali ba zai kwanta a jingina lafiyar 'ya'yan jama'a da taimakon waje ba, domin zanen aro ba ya rufe katara. Peace Corps ta kwashe mutanenta daga Nijar cikin watan Janairu na 2011 bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai, aikin shekara 49 ya tsaya cikin 'yan kwanaki. Ita kanta iyakar Maigatari an rufe ta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024. Ingila ta rage kuɗin agajinta cikin 2021 daga misalin kobo 70 cikin kowace Naira 100 ta arzikin ƙasa zuwa kobo 50, cikin 2025 kuma ta ba da sanarwar za ta ƙara ragewa zuwa kobo 30. Amurka kuwa rushe hukumar agajinta ta USAID ta yi ɗungum cikin 2025. Mutanen Gagarawa sun san wannan darasi a aikace. Ƙaramar hukumarsu tana cikin uku na Jigawa da aka gudanar da shirin tallafa wa mata masu ciki da masu goyo da kuɗin Ingila, ana ba kowace mace Naira 3,500 a wata, daga baya aka mai da shi 4,000. Wa'adin biyan ya cika cikin 2019, kuɗi ya tsaya. Abin da bai tsaya ba shi ne ilmin shayarwa da ciyar da yara da ke cikin kan matan garin da aka horar domin faɗakar da 'yan uwansu, gama su babu inda za su.

Wannan dabara ba daga Turai aka kawo ta ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu cikin 1864, ta fuskanci irin wannan matsala ta yadda ilmi zai isa ga matan karkara, ta kuwa warware ta da tsarin 'Yan Taru. Ba ta riƙa ratsa ƙauyuka tana wa'azin yini ɗaya ba. Daga kowane gari akan zaɓi dattijuwa mai mutunci, a naɗa ta jaji da malfa da jan rawani, ta jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yan mata zuwa wurin Nana su ɗauki karatu, sa'an nan su koma gida su koyar da matan aure da ba su iya fita. Ko da yake ƙasar Gumel a wancan zamani da Barno take, ba da Sakkwato ba, hikimar ta kowa ce. 'Yar gari ce ke yin tafiyar, ilmin kuma ya dawo ya zauna.

Kayan aikin yin haka duk suna nan a hannu. Ga Kwalejin Ilmi a cikin garin Gumel tana yaye malamai mata kowace shekara, ga makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kudu da ta ma'aikatan lafiya a Jahun. Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar kiwon lafiya a makarantu tun 2006, ba a kuwa soke ta ba, ƙura kawai ta sha. Kamata ya yi Ma'aikatar Ilmi da Ma'aikatar Lafiya ta jiha su haɗa kai su tabbatar cewa kowace makarantar da ke da 'yan mata daga aji biyar zuwa sama tana da malama ɗaya da aka horar, aka kuma ba ta ɗan alawus da lokaci a cikin jadawalin darussa, da ɗan akwatin da ke da sabulu da auduga da ƙyalle domin ranar da abu ya zo wa yarinya ba shiri. Inda babu malama mace, kuma makarantun karkara irin wannan suna da yawa, sai kwamitin kula da makarantar ya zaɓi uwa ɗaya daga cikin gari. Unguwarzoma ko ma'aikaciyar lafiya ta asibitin da ya fi kusa ta riƙa leƙowa sau ɗaya a wata, a ranar da kowa ya sani. Kuɗin wannan bai kai na bikin buɗe gini ɗaya ba, kuma in an sa shi cikin kasafin ƙananan hukumomin huɗu, babu wata majalisa a Landan ko Washinton da za ta iya yanke shi.

A cikin irin wannan tsari ne baƙo zai sami gurbinsa, gurbi mai daraja kuwa. Likita ko malamar jinya da ta zo hutu daga ƙasar waje, in tana da kwana uku, ta tara malamai mata ashirin a Gumel ta koya musu abin da ta sani, ta bar musu lambar wayarta, ya fi ta zaga makarantu goma tana jawabi. Mai kuɗin sabulu da auduga, in ya gyara famfo ɗaya ya sa ƙofa a makewayi biyu, bayan shekara biyar ma ana cin moriyarsa. Masu yi wa ƙasa hidima kuwa, waɗanda tun 1973 ake rarraba su ƙauyuka, suna da abin da sauran baƙi ba su da shi, watau kusan shekara guda a wuri ɗaya. Ya kamata tun daga sansaninsu na Fanisau a ware matan da suka yi karatun lafiya, a haɗa kowace da malamar gari su yi aiki tare, ɗaya da ilmin littafi, ɗaya da harshe da sanin gidaje.

Abin da ya rage shi ne ƙa'ida, kuma ba ta bukatar sabuwar doka. Takarda ɗaya daga Ma'aikatar Ilmi zuwa ga sakatarorin ilmi na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ta isa, wadda za ta ce duk mai son yi wa 'yan makaranta magana a kan lafiya sai ya fara zuwa ofis ya faɗi ko shi wane ne da wanda ya aiko shi, ya nuna abin da zai koyar a rubuce da Hausa, a sanar da hakimi da dagaci da iyayen yara kafin ranar, malamar makarantar ta kasance a cikin ajin daga farko har ƙarshe, kada kuma a ɗauki hoton yarinya sai da yardar iyayenta. Majalisar Masarautar Gumel, wadda ta taka rawa a yaƙin shan inna, ita ce ta fi dacewa ta sa ido a ga an bi. Ya kamata takardar ta isa hannun shugabannin makarantu kafin watan Mayu mai zuwa, lokacin da motocin baƙin za su sake kamo hanya.